Me ke jan kunne zuwa ga kundin Red na King Crimson, duk da duhunsa?

"Malam, wani abokina ya daɗe yana yaba mini kundin Red na ƙungiyar King Crimson, har yana cewa ba a yi kamarsa ba a kiɗan rok na zamaninsa. Na zauna na saurara, amma abin da na ji shi ne jita mai gurnani, da ganga da ba ta barin mutum ya kaɗa kai, da baitoci a kan mutuwa da tsoro. Me mutane ke ji a cikinsa wanda ni ban ji ba? Ko dai kurin masu son a ce sun fi kowa kunne ne kawai?"

Malam mai tambaya, tambayoyi biyu ka haɗa a wuri guda. Ta farko ita ce ko akwai wani daɗi na gaske a cikin kiɗan da aka gina shi da gangan domin ya matsa wa mai sauraro, ta biyu kuma ita ce ko masu yabonsa gaskiya suke faɗa. Ta biyun ba ta buƙatar dogon bayani. Akwai masu kuri a cikin masoya wannan reshe na rok da ake kira prog, kamar yadda ake samunsu a kowane fanni, sai dai kurinsu bai hana kundin zama abin da yake ba. Ta farkon ce ke da aiki, kuma zan amsa ta a matsayina na mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin murya, da ya daɗe yana koyar da ita, yana kuma taɓa aikin haɗa sauti a ɗakin ɗauka. Abin da ka ji, ka ji shi daidai. Kundin yana da nauyi, yana da kaushi, kuma ba ya gaggawar faranta wa kowa rai. Ra'ayina shi ne daɗinsa yana cikin yadda yake hana kunne abin da yake nema na tsawon lokaci, sannan ya biya shi a ƙarshe, kuma ba kasafai ake jin wannan biyan a sauraron farko ba.

Halin da aka yi kundin a ciki

King Crimson ta fito a Landan a 1969, kuma kundinta na farko na watan Oktoban shekarar yana cikin waɗanda ake cewa su suka buɗe wa prog ƙofa: dogayen waƙoƙi, aron dabaru daga jaz da kiɗan gargajiyar Turai, da ƙin bin tsarin waƙar rediyo ta minti uku. Mutane sun yi ta shiga suna fita, mai jita Robert Fripp ne kaɗai bai taɓa barinta ba. A 1972 ya sake ɗaura ta da sababbin mutane. Bill Bruford ya baro ƙungiyar Yes a daidai lokacin da take kan ganiyarta domin ya zo ya buga ganga a nan, John Wetton ya zo daga ƙungiyar Family da bes da murya, David Cross ya zo da gogen Turawa, sai Jamie Muir mai kaɗa tarkacen ƙarafa, wanda ya tafi a 1973 ya shiga gidan ibadar mabiya Buddha a Sikotlan.

Sauran huɗun sun yi ta yawon wasa a Turai da Amurka, kuma a kan dandamali ne sautin nasu ya yi ta ƙara nauyi. Wetton da Bruford sun riƙa bugawa da ƙarfin da goge ba ya iya ratsawa, har Cross ya zama kamar baƙo a cikin ƙungiyarsa. Wasansu na ƙarshe tare shi ne na Central Park a New York, ranar 1 ga Yuli 1974, daga nan aka rabu da shi. Mutum uku ne suka shiga ɗakin ɗauka na Olympic a Landan a watan Yuli da Agusta. Fripp kuwa a lokacin zuciyarsa ta riga ta bar sana'ar, ya faɗa cikin koyarwar wani malamin ruhaniya ɗan Birtaniya mai suna J. G. Bennett, har ya riƙa ƙin bayyana ra'ayinsa a kan abin da ake ɗauka, ya bar wa abokan aikinsa yawancin shawara. A watan Satumba ya sanar da cewa ƙungiyar ta watse, kundin kuma ya fito a Oktoba ba tare da masu tallata shi a dandamali ba, ya tsaya a mataki na 45 a jadawalin ciniki na Birtaniya. Sai a 1981 aka sake jin sunan King Crimson da sabon kundi.

Ita ma Birtaniyar ta 1974 ba ta cikin walwala. Rikicin man fetur na 1973 da takaddamar masu haƙar kwal sun sa an taƙaita wa masana'antu wutar lantarki zuwa kwana uku a mako a farkon shekarar, an kuma yi babban zaɓe sau biyu kafin ta ƙare. Ba na cikin masu cewa siyasa ce ta rubuta waƙoƙin, amma yana da amfani ka san cewa mutanen da suka yi su sun gaji, kuma abin da suke ginawa yana rushewa a hannunsu. A bayan kwalin faifan an buga hoton ma'auni da allurarsa ta haura cikin jan yanki, inda duk mai aikin sauti ya san na'ura ta fara wuce iyakarta.

Inda kaushin yake fitowa

Duhun da ka ji yana da dalilai da ake iya nunawa da yatsa a kan wuyan jita. A tsarin kiɗan Turawa an raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama zuwa ƙananan matakai 12. Yawancin waƙoƙin da muke ji kullum suna zaɓar bakwai daga ciki, a jere su yadda ɗaya zai zama gida, wato inda kari ke komawa ya huta. Waƙar farko ta kundin, wadda babu murya a cikinta, ta dogara sosai a kan jerin da ke tafiya da babban mataki, ƙarami, babba, ƙarami, har ya zagayo, irin wanda mawallafan kiɗa Stravinsky da Bartók suka yi amfani da shi tun farkon ƙarni na 20. Saboda jerin yana maimaita kansa daidai wa daida, babu sauti guda da ya fi sauran cancantar zama gida. Kunne yana ta laluben wurin sauka, kiɗan kuma yana ɗaukar jimla guda ya ɗaga ta sama, ya sake ɗaga ta, ba tare da ya ba shi wurin ba.

A cikin wannan jeri akwai tazarar matakai shida, rabin zagayen cif, wadda tsofaffin malaman kiɗan Turai suka riƙa gargaɗin ɗalibai a kanta saboda rashin natsuwarta. Idan aka kaɗa sautuka biyu masu wannan tazara a jita mai tsabtar murya, abin da ake ji ɗan ɗaci ne kawai. Idan aka tura su ta cikin amfilifaya da aka cika wa ƙarfi har sauti ya fara tsagewa, sai na'urar ta haifi wasu ƙarin sautuka daga haɗuwar biyun, waɗanda ba su jitu da kowannensu ba, kuma wannan ne gurnanin da ka ambata. Fripp ya ɗora jita a kan jita a wurin ɗauka, Wetton kuma ya ƙazantar da muryar bes ɗinsa har ta daina zama shimfiɗar da sauran ke takawa, ta koma abokiyar kokawar jitar. Idan ina haɗa sauti, abu na farko da ake roƙo na shi ne in share irin wannan datti. A Red dattin ne ginshiƙin ginin, kuma da za a share shi da waƙar ta zama atisayen yatsu.

Sai maganar ganga. Jikin ɗan Adam yana son ƙidaya mai rabuwa biyu, huɗu-huɗu ko takwas-takwas, shi ya sa kai ke kaɗuwa ba tare da an umarce shi ba. Bruford yana yawan ɗauke bugun daga inda ake jiransa ya ajiye shi gaba kaɗan ko baya kaɗan, ƙungiyar kuma tana shiga ƙidayar biyar ko bakwai ta fita. A waƙa ta uku akwai wani amo mai kama da an mari buhun ƙarafa. Wani lanƙwasasshen farantin ƙarfe ne da Bruford ya tsinta a kwandon shara a ɗakin gwaji, ya ga cewa mutuwar amonsa da wuri ita ce abin da waƙar ke so.

Baitocin kuwa, a ganina, su ne mafi ƙarancin abin da ke riƙe kundin. Waƙa ta biyu labarin ƙane ne da aka kashe da wuƙa a titin New York, ta uku mafarkin faɗuwar jirgin sama ne na mutumin da ya farka ya tarar ashe a motar safa yake. Richard Palmer-James, wanda ya rubuta baitocin ta biyu da ta ƙarshe, ya iya aikinsa, amma da a ce kalmomi ne kaɗai, da ba a kai yau ana maganar kundin ba. Muryar Wetton ce ke ɗauke da su, murya mai kauri da ɗan gajiya, wadda ba ta yin kuka ko a inda labarin ya kai a yi.

Minti 12 na ƙarshe

Duk wanda ya ce maka yana son Red, ka tambaye shi, galibi Starless yake nufi, waƙar da ta rufe kundin. A nan ne abin da nake faɗa ya fi fitowa fili, don haka bari in bi ta daki-daki.

Kashin farko, kimanin minti huɗu, shi ne abu mafi taushi a kundin duka. Ana buɗewa da Mellotron, wata na'ura mai madannai da ke kunna guntun kaset na ainihin goge a ƙarƙashin kowane madanni. Kaset ɗin ba ya wuce daƙiƙa takwas ko makamancin haka, kuma yana ɗan rawa wajen juyawa, shi ya sa amonta ke fita kamar tsohon abu da aka tono. A kanta Fripp ya ja wani dogon kari mai ban tausayi, wanda Cross ne ke jan shi da goge lokacin da suke yin waƙar a dandamali. Wetton ya rera baiti uku, Mel Collins, baƙon da aka gayyato, na ratsawa da siririn saksofon. Mai sauraro ya samu abin riƙewa, ya saki jiki.

Daga nan sai a ƙwace komai. Bes kaɗai ke saura, yana zagaya wata jimla mai bugu 13 a hankali. Goma sha uku ba ta rabuwa biyu, ba ta rabuwa uku, ba ta rabuwa huɗu, saboda haka duk zagaye ƙafarka takan sauka kafin lokaci ko bayansa. A kan wannan Fripp, wanda kowa ya san yana iya gudun yatsu fiye da yawancin tsararrakinsa, ya zaɓi ya kaɗa sauti guda tak, ya maimaita shi, ya sake maimaitawa. Bayan an jima ya ɗaga shi mataki guda, ya tsaya a nan ma. Bruford ya fara da ƙananan ƙwanƙwase-ƙwanƙwase kamar ba ya son a ji shi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, bes yana ƙara ƙazanta, jitar tana hawa har ta koma ƙara mai huda kunne. Ana cikin wannan hali fiye da minti huɗu. Na sha ba ɗalibai wannan jimlar bes su koya, kuma abin da na lura shi ne yatsu ba sa shan wahala, haƙuri ne ke gagararsu. Kusan kowa yakan fara sauri tun ba a je ko'ina ba, domin jiki yana son a gama. Wahalar da mai kaɗawa ke sha wajen danne kansa ita ce mai sauraro ke ji a matsayin ƙunci a ƙirji.

Idan abin ya fashe, sai a rufta cikin gudu irin na jaz, Ian McDonald, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1969, ya shigo da saksofonsa. Can a ƙarshe karin nan na farko, wanda aka ɗauke maka tun minti bakwai da suka wuce, ya dawo, amma yanzu a kan bes mai ruri da ganga mai cikakken ƙarfi. Sautukan ba su canza ba. Abin da ya canza shi ne tsawon jiran da ka yi kafin ka sake jin su. Mai ƙishirwar da ya yini a rana da wanda ke zaune a inuwa ba sa jin ɗanɗano ɗaya a kofin ruwa guda.

Me ya sa sauraron farko ba ya isa

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun taɓa wannan batu. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a lokacin da kiɗa ya kai ƙololuwar daɗinsa, tana kuma sakinsa tun kafin nan, a lokacin da mutum ke jiran isowar wurin. Ke nan jira ma wani ɓangare ne na daɗin. Amma mutum ba ya jiran abin da bai san yana tafe ba. A sauraron farko, tsakiyar Starless hayaniya ce da ba ka san ranar ƙarewarta ba, don haka ƙunci kawai za ka ji. Idan ka riga ka san abin da ke bayan ƙuncin, kowane mataki da jitar ta hau yana matso da kai kusa da shi, sai wahalar ta koma ɗoki. Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu yana ƙara sa a so shi. Waƙa mai sauƙi tana cinye wannan ribar da wuri, shi ya sa take gundura bayan mako biyu, mai sarƙaƙiya kuwa tana daɗewa ana tsintar sabon abu a cikinta.

Akwai dalili na biyu da ba a auna shi da na'ura. Wasu mutane suna jin sauƙi idan suka tarar da kiɗan da bai yi musu ƙarya game da tsoro da rashi ba. Wanda ke cikin damuwa, idan aka kunna masa waƙar murna, sau da yawa yakan ji kamar an ƙi sauraronsa. Red ba ya lallashi, amma yana ɗaukar firgici ya ba shi tsari, da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma abin da ke da ƙarshe ya fi sauƙin ɗauka. A nan ne ya bambanta da tarin kiɗa mai nauyi da ya biyo bayansa, inda ake buɗe wuta tun daƙiƙar farko a riƙe ta haka har ƙarshe. Mutanen nan uku sun san amfanin yin ƙasa-ƙasa, shi ya sa ƙarfinsu ke da tasiri idan ya zo.

Yadda za ka sake gwadawa

Kundin gajere ne, waƙoƙi biyar a cikin kimanin minti 40, don haka gwajin ba zai ci maka lokaci ba. Shawarata ita ce ka fara daga ƙarshe. Ka saurari Starless ita kaɗai, a zaune, ba kana wani aiki ba, da abin sauraro mai iya fitar da ƙananan sautuka, domin lasifikar waya tana yanke bes, kuma idan babu bes rabin waƙar ya tafi. Kada ka yi ƙoƙarin ƙidaya 13, ka bi bes ɗin kawai har kunnenka ya gane inda yake komawa farko. Bayan kwana biyu ka sake. Daga nan ka koma waƙa ta biyu, wadda ke da kari mai sauƙin kamawa da jita marar lantarki, sannan ta farko da ta uku. Akwai sabon haɗin sauti da mawaƙi mai haɗa sauti Steven Wilson ya yi tare da Fripp a 2009, wanda ya ƙara rarrabe kayan kiɗan, kuma ga sabon shiga yana iya taimakawa, ko da yake ni na fi son cunkoson tsohon.

Providence, ta huɗu, ka bar ta sai ƙarshe. An ɗauke ta ne kai tsaye a wani wasa a birnin Providence na jihar Rhode Island ranar 30 ga Yuni 1974, babu rubutu babu shiri, kowa yana sauraron ɗan'uwansa yana ƙirƙira nan take, kuma a nan ne kaɗai za ka ji gogen Cross sosai. Mintunan farko lalube ne cikin duhu, sai daga baya bes ya kama hanya. Har a cikin masoya kundin akwai masu tsallake ta, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ina barin ta ne saboda aikin da take yi a jeri: tana wargaza kunne yadda buɗewar Starless za ta sauka a kansa da taushi ninki biyu.

Dole in faɗa maka iyakar wannan bayani. Zan iya nuna maka yadda aka gina abu da dalilin da ya sa yake aiki a kan wasu, amma bayani ba ya dasa so. Kunnena na mai bes ne, yana karkata ga nauyi da tsari, wani mai jin kiɗa ta hanyar rawa ko ta hanyar kalmomi yana iya fahimtar duk abin da na faɗa ya kuma ce bai gamsu ba, kuma yana da hujja. Na koyar da ɗalibai masu kaifin kunne da suka iya kaɗa jimlar nan ba kuskure, amma ba su taɓa marmarin kunna kundin a gida ba. Haka kuma, ga wanda ke cikin baƙin ciki mai tsanani, irin wannan kiɗa yana sauƙaƙa wa wasu, wasu kuma yana ƙara nutsar da su, don haka kowa ya lura da yadda yake tashi bayan ya saurara.

Idan ka ba Starless zama uku ko huɗu kuma dawowar karin a ƙarshe ba ta motsa ka ba, to ka ajiye kundin ba tare da jin ka gaza ba. Idan kuwa kashin farko ya kama ka amma kaushin ya yi maka yawa, kundin ƙungiyar na 1969 ya fi yalwar Mellotron da taushi, daga can kuma kana iya biyowa ta Larks' Tongues in Aspic na 1973, inda aka fara ƙera wannan sautin tun Cross da Muir suna nan, kafin ka sake dawowa kan Red.